Jan Lambun Injiniya

Injiniya bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, ko da kuskure. Sunan ya same shi ne ranar da ya kwance fankar maƙwabcinsa zai gyara, da ya mayar sai ta koma tana hura silin ta bar mutane. Shi kuwa ya tsaya a ƙarƙashinta gumi na tsiyaya, yana bayanin cewa ai haka ake yayi yanzu. Daga ranar unguwa ta laƙaba masa sunan. Bawan Allah ya ɗauka girmamawa ce, har idan ya kira waya sai ka ji ya ce, "Injiniya ne ke magana."

Shekara biyu ke nan yana zaune, ba abin da yake yi sai rabon shawarar da ba wanda ya nema. Ana haka sai ƙanwar matarsa, likitar haƙori, ta kama sabon asibiti mai faɗi, tana neman manajan da zai riƙe mata gaba: ɗakin jira, layin masu ciwo da makullai. Surukarsa, wadda kowa ke kira Mama, ita ta tsaya kai da fata sai an ba shi. Haƙora biyu suka rage wa Mama a duniya, amma idan ta yi magana 'ya'yanta ba sa musu.

"Ki gwada shi," in ji Mama. "Mijin yayarki ne. Zaman nan ya ishe shi, mu ma ya ishe mu."

Likita ta ja dogon numfashi. "To, Yaya, saura mako uku mu buɗe. Ga akwatin gilashi can na sa an ajiye a ɗakin jira, ga kifayena huɗu. So nake a shuka ciyayin ruwa a ciki, mai ciwon haƙori ya zauna ya kalla hankalinsa ya kwanta. In ka iya da wannan, kujerar manaja taka ce."

"Ciyayi?" Injiniya ya yi wata dariyar manya. "Ƙanwata, lambu zan yi miki a ƙarƙashin ruwa, ja wur! Mutum zai zo a cire masa haƙori ɗaya, ya roƙa a cire biyu don ya ƙara zama."

Kafin ya sayi ko ganye ɗaya, sai da ya fara zuwa aka buga masa allon roba na ɗorawa kan tebur, baƙi da rubutun ruwan zinare: MANAJA. Matarsa ta juya allon a hannu ta ce, "Baban yara, ba ka bari a ba ka tukuna?"

"An riga an ba ni," in ji shi. "Sanarwa ce ta rage."

Washegari ya dira shagon kifi, da gorar ruwa a hammata wadda ya cika a famfon asibitin don ƙishi. Mai shagon dattijo ne marar hayaniya, irin mutanen nan da ke kallon mutum ta saman tabarau.

"Jajaye nake so," in ji Injiniya, yana nuna wasu ciyayi masu lallausan ganye. "Duka."

"Wane irin ruwa ne a wurinku?"

"Ruwa mana. Mai jiƙa abu."

"Sabulu yana kumfa da shi?"

"Da ƙyar."

"Butar shayi tana yin farin ɓawo a ciki?"

"Malam, me ya haɗa butar shayi da kifi?"

Mai shago ya karɓi gorar, ya tsoma wata 'yar takardar gwaji, nan take ta rine. Ya ce, "Ruwanku zartsi ne, ga kanwa-kanwa. Jajayen nan kuwa 'yan gata ne, ruwa mai laushi suke so, mai ɗan tsami-tsami kamar na sama. A naku ba za su yi kwana goma ba. Ga waɗanda za su yi maka." Ya ɗago wata doguwar ciyawa kore mai ganye kamar igiyar takalmi, da wata mai kaurin ganye. "Wannan ka dasa ta a yashi ka manta da ita. Wannan kuma ɗaure ta ake yi a jikin dutse, ba a binne gindinta. Su zartsin ma shi ne abincinsu."

Injiniya ya yatsine fuska. "Wannan ai ciyawar bakin kwata ce. Ka san da wa kake magana?"

"A'a."

"Injiniya."

"Na ruwa?"

"Na komai."

"Allah ya ƙara basira," in ji mai shago, ya shiga ƙunshe jajayen.

Kan hanyar fita idon Injiniya ya faɗa kan buhun fararen duwatsun teku da ɓawon katantanwa, ya ce a haɗa masa don ado. Mai shago ya ce waɗannan narkewa suke yi a hankali, su ƙara wa ruwa zartsi. Injiniya ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa kantar shagon. "Dutse ya narke? Dattijo, ka sayar da kayanka, ka bar kimiyya wa masu ita." Dattijon ya cusa masa damin korayen nan a leda kyauta, ya ce ya riƙe, wata rana zai neme su.

Yana isa asibiti ya wurga su kwandon shara. Iya mai shara, tsohuwar da ta bi Likita tun daga tsohon asibiti, ta sunkuya ta tsamo su.

"Injiniya, in ba ka so in ɗauka?"

"Ɗauki, Iya, ki kai wa akuya."

Iya ba ta da akuya. Ta samu wani babban tsohon baho a sito, ta zuba yashi da ruwan famfo, ta ajiye kusa da taga, ta ci gaba da gugar tayil ɗinta.

Kwana uku na farko, a gaskiya, abin ya yi kyau. Ja a sama, fari a ƙasa, kifaye huɗu na shawagi. Injiniya bai bar kowa ya huta ba. Har mai kemis ta maƙwabta, mace mai zafin kai da ba ta da abin ƙauna kamar tukwanen jan fure biyu da ke ƙofar shagonta, sai da ya janyo ta ta gani. Ya ce mata, "Naki na tudu ne, kowa ma ya iya. A ƙarƙashin ruwa ake gane gwani."

Rana ta huɗu jan ya fara kodewa. Ta shida ganye ya koma yauƙi. Ta bakwai kifayen suka gane ashe abinci aka shuka musu, suka hau tsinka. Ga wani farin ɓawo ya zagaye gilashin daidai bakin ruwa, irin na butar shayi sak.

Nas ɗin asibitin, wadda bakinta ya fi allurarta kaifi, ta tsaya ta leƙa. "Manaja, lambun naka sanƙo yake yi."

"Canjin ganye ne. Ke kin karanci tsirrai?"

"A'a, amma na san gawa in na gan ta."

Maganar ta tsaya masa a rai. Sai ya tuna dattijon ya ambaci tsami-tsami. Shi ke nan, ai magana ta ƙare! Da yamma bayan an tashi ya shigo da lemon tsami cike da leda, ya naɗe hannun riga, ya matse shi tas a cikin akwatin, ya juya da sandar goge-gogen Iya, ya tafi gida yana fito.

Da safe ruwan ya koma kamar an wanke kwanon madara. Kifayen duk sun taso sama suna hangame baki. Allah ya sa Iya ce ke fara zuwa. Ta yi salati, ta kwashe su da matatar shayi ta kai bahonta na sito. Injiniya na shigowa ya tarar da Likita tsaye ta riƙe ƙugu.

"Yaya, me ya sa ɗakin jirana ke warin ruɓaɓɓen lemo?"

"Mataki na biyu ke nan. Dole sai ruwa ya yi fari kafin ya yi haske."

"Kifin fa? Iya ta ce haki suke yi."

"Motsa huhu ne."

"Kifi ba shi da huhu, Yaya."

"Shi ya sa suke motsawa a hankali."

Likita ta dube shi, ta dubi silin, ta tuna Mama, ta haɗiye abin da ya zo bakinta. Ta ce kawai, "Saura kwana goma sha biyu."

Ya koma shagon kifi ya sake kwaso jajaye. Dattijo ya tambaye shi yaya lambu, ya ce ai bunƙasa ya yi har ana son a buɗe reshe. Wannan karon ya rantse ruwan famfo ba zai taɓa masa ganye ba. A ɗakin baya na asibitin akwai jarkoki shida na tataccen ruwa, wanda ake zuba wa na'urar dafa kayan aiki don kada zartsi ya toshe ta. Injiniya ya jira Nas ta fita cin abinci, ya kinkimo su ɗaya bayan ɗaya ya juye a akwatin, yana nishi kamar mai naƙuda. Fararen duwatsunsa kuwa ya wanke su ya mayar, ya ma ƙara wasu don ado ya fito.

Nas ta dawo za ta gwada na'ura, ta ɗaga jarka ta ji wayam. Ihunta har kemis.

"Wa ya taɓa mini ruwa?"

"Haba, ruwa ai ruwa ne," in ji Injiniya. "Zuba na famfo."

"Ruwa ruwa ne? To me ya hana ka bar wa ciyawarka na famfon?"

"Wannan daban."

"Na'urar da za ta dafa abin da za a sa a bakin mutane ita ce ba daban ba?"

"Ki iya bakinki, da manaja kike magana."

"Manajan wa? Ko kifin ma sun yi hijira sun bar ka!"

Bayan kwana biyar farin ɓawon ya dawo, jajayen suka fara sunkuyar da kai. Injiniya ya laɓe a bayan ƙofa ya kira mai shago, ya ce wani abokinsa ne ke da matsala. Dattijo ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya cire fararen duwatsun nan. Ko ruwan sama ya zuba, za su mayar masa da shi zartsi."

"Adon nawa? Wato... nasa?"

"Nasa."

Injiniya ya kashe waya ya yi tsaki. Hassada ce kawai, tsohon ya ga ana neman a fi shi.

Ranar buɗewa, ƙarfe sha ɗaya za a fara karɓar baƙi. Ƙarfe bakwai na safe Injiniya na tsaye gaban akwatin, ba abin da ya rage a ciki sai tsinkaye tsirara da wani baƙin yauƙi a ƙasa. Ya tuna allon da ke cikin jakarsa, ya tuna matarsa da ta ɗinka sabon kaya ta gayyato ƙawayenta su zo su ga mijinta a kujera. Ya leƙa waje. Mai kemis ba ta buɗe ba, ga tukwanen furenta biyu a bakin ƙofa, ganye ja wur sai sheƙi.

Minti biyar da almakashin asibiti, ya yi musu aski tal.

Sai dai reshen tudu ba ya son zaman ruwa. Ya cusa a yashi, su taso. Ya danne da katantanwa, su sulluɓe su taso. Ya faɗa ɗakin baya neman abu mai nauyi, sai ga wata kanta jere da zubin haƙora. Idan Likita ta ɗauki awon bakin mutum, akan zuba farin siminti a fitar da siffar muƙamuƙinsa, sama da ƙasa, a aika wa masu haɗa haƙoran roba. Injiniya ya ɗauki ɗaya, ya buɗe, ya rufe. Kai! Wannan ai matsewa aka yi shi don ita. Ya kwashi guda uku, ya sa wa kowanne damin reshe ya ciza, ya ɗaure da robar ɗaure takarda, ya binne su cikin yashi. Lambu ya tsaya cak.

"Iya, dawo da kifin."

"Injiniya, babban nan haƙa yake yi fa. Ba ya ganin yashi ya ƙyale."

"Manaja ke magana."

Iya ta dawo da kifin.

Sha ɗaya na yi ɗakin jira ya cika. Mama a kujerar gaba, matarsa kusa da ita baki har kunne, ga likitoci abokan aiki, ga maƙwabta. Likita ta shigo ta ga akwatin, ta tsaya turus. "Yaya," in ji ta a hankali, "na yi maka mummunan zato. Ka yafe ni." Injiniya ya ɗaga hannu irin na wanda ya saba yafe wa mutane. Bai ko lura da Nas ba, wadda ta zo ta raɗa wa Likita cewa ta duba ko'ina ba ta ga zubin bakin Mama ba, ga shi yau masu haɗa haƙora za su aiko a karɓa.

Ba wanda ya ba shi dama, amma ya ɗora allonsa kan teburin gaba, ya gyara murya. "Jama'a, masana sun ce jan ganye ba ya rayuwa a ruwan zartsi. Har wani tsoho ya yi mini dariya. To ga shi nan, ku gani da idonku. Sirrin yana ƙasa, a wajen saiwa."

Daidai nan mai kemis ta faɗo ɗakin tana huci. "Likita, ki yi haƙuri na makara, wani marar tsoron Allah ne ya aske mini fure da sassafe! Shekara uku ina..." Maganar ta tsaya. Ta ƙura wa akwatin ido, ta matso, ta ƙara matsowa.

Babban kifin kuwa tun ɗazu ya duƙufa. Ya ɗebi yashi a baki ya furzar, ya ɗiba ya furzar, wutsiya a sama. Wani abu fari ya fara leƙowa. Wata baƙuwa ta nuna da yatsa tana tambayar ko ƙwai ne. Kifin ya ƙara bugu biyu.

"Wayyo Allah, haƙora!" in ji baƙuwar.

Ga muƙamuƙi a ƙasan ruwa ya ciji jan reshe, dasashi fetal sai haƙora biyu, ɗaya ya ɗan karkace. A gefensa, da shuɗin rubutun Likita, an rubuta: Mama. Robar da ta gaji ta sulluɓe, bakin ya buɗe a hankali kamar mai hamma, reshen ya taso sama yana juyi, gindinsa a yanke sumul ba ko saiwa ɗaya.

"Furena!" in ji mai kemis.

"Zubina!" in ji Nas.

Mama ta dafa sandarta ta miƙe, ta taka har gaban gilashin, ta sunkuya. Suka daɗe suna kallon juna ita da abin. Sannan ta ce, "Wannan bakina ne."

"Mama, sabon salo ne," in ji Injiniya. "Asibitin haƙori ai da adon haƙori ya dace. A manyan wurare..."

"Sauran biyun bakin wa da wa?" in ji wani likita daga baya, don kifin ya riga ya tono na biyu. Wani dattijo cikin baƙi ya kai hannu ya rufe bakinsa. Dariyar da ake ta dannewa ta fashe, har da masu riƙe ciki. Matarsa kaɗai ce ba ta yi ba, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Nas ta zura hannu ta tsamo zubin. Ya jiƙe ya yi laushi, tana ɗagowa karkataccen haƙorin ya gutsure ya koma ruwa, kifi ya bi shi ya ɗanɗana ya tofar. Likita ta ce, cikin muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba, sai an sake awo daga farko, kuma layinsu wajen masu haɗawa ya wuce, sai wani watan.

"Wani watan," in ji Mama. Ta juyo ta fuskanci surukinta. "Shekara huɗu rabona da tauna nama. Sau uku ana cusa mini wannan abu a baki ina kakari kafin awon ya fito daidai. Na ƙirga kwanaki, saura tara. Kai kuma ka ɗauki bakina ka yi tukunyar fure da shi." Ta waiwaya wajen Likita. "Ni na ce a gwada shi. To an gwada."

Ana cikin haka sai aka ji ƙarar jan abu a kan tayil. Iya ce ke janyo bahonta daga sito. Kore shar! Doguwar ciyawar ta kai bakin ruwa har ta kwanta, ta yi 'ya'ya ta ko'ina, mai kaurin ganyen ta kama dutsen da aka ɗaure ta da zare ta fitar da sababbi.

"Iya, me kika zuba musu?" in ji Likita.

"Ruwan famfo. Ban yi musu komai ba wallahi, mantawa ma nake yi da su."

"Ni na ba ta!" Injiniya ya yi wuf. "Gwaji ne na raba gida biyu!"

"Cewa ka yi in kai wa akuya," in ji Iya.

A gaban kowa Likita ta ciro makullan gaba daga aljihunta ta miƙa wa Nas. Mai kemis kuwa ta tsame rassanta ɗaya bayan ɗaya, tana ɗiga ruwa, ta bi Injiniya da su har bakin titi tana faɗa masa abin da ba zai maimaitu ba.

Sai bayan mako guda ya iya komawa, shi ma don ya ɗauko allonsa ne. An kwashe fararen duwatsun, ruwa garau, korayen ciyayi na kaɗawa, kifaye huɗu na harkarsu. Masu jira shida ne a zaune, cikinsu har da Mama da ta zo sabon awo. Iya na tsaye kan ɗan benci tana kankare farin ɓawon bakin gilashi da wani abu baƙi mai rubutun ruwan zinare.

"Iya, wannan ai allona ne."

"Ayya, Injiniya, ka bar mini. Duk abin da ka kawo gidan nan, shi kaɗai ne ya yi amfani."

Ya dubi masu jira, suka dube shi. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Robar mai kyau ce. Ni na zaɓe ta da kaina."

Mama ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba shi abinsa, Iya. Butar shayin gidansu ma ta yi ɓawo, ya je ya samu aikin yi."